Teku a bisa tebur: wasannin yaƙin jiragen dako da matsalar rashin sani

Akwai wani nau'in wasa da ya yi tashe a Amurka da Turai tun daga shekarun 1960, wanda ba a cika saninsa ba a nan wajenmu, ko a Yamai balle a Tawa ko Damagaram. Ana sayar da shi cikin kwali: taswirar teku mai faɗi, da ɗaruruwan ƴan gutattakin kwali masu ɗauke da sunayen jiragen ruwa da na sama, da ɗan lido na jefawa, da littafin dokoki. Mutum biyu sukan zauna, ɗaya ya ɗauki rundunar ruwan Japan, ɗaya ta Amurka, su sake buga wani yaƙi da aka yi a tekun Fasifik a 1942. Wanda ya ji haka daga nesa zai ce ai wasan yara ne da manya suka ƙi bari. Ni kuwa ina ganin ya cancanci a yi masa irin nazarin da ake yi wa littafin tarihi ko wasan kwaikwayo, domin duk wanda ya tsara irin wannan wasa ya yanke hukunci a kan abin da ya faru da dalilin faruwarsa, sai dai maimakon ya rubuta hukuncin cikin jimloli, ya zuba shi cikin dokoki da alƙaluma.

Asalin abin ba nishaɗi ba ne. A 1824 wani hafsan sojan Purushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasa na horar da hafsoshi a bisa taswira, da alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ya san inda kowane ɓangare yake. Sojojin ruwa suka ɗauka daga baya. A Ingila Fred T. Jane ya fitar da nasa dokokin yaƙin teku a 1898, kuma makarantar manyan hafsoshin ruwa ta Amurka da ke Newport ta shafe shekarun da ke tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu tana buga yaƙi da Japan a daɓen wani babban zaure. Amiral Nimitz ya faɗa bayan yaƙin cewa saboda waɗannan wasanni, kusan babu abin da ya zo musu ba zato in ban da matuƙan ƙunar baƙin wake na ƙarshen yaƙi. Wanda ya mayar da abin haja ta kasuwa shi ne Charles S. Roberts, wanda ya kafa kamfanin Avalon Hill a birnin Baltimo cikin shekarun 1950. Wannan kamfani ne ya fitar da Midway a 1964, aikin Larry Pinsky da Lindsley Schutz.

Sai mai karatu ya fahimci irin yaƙin kafin ya fahimci wasan. Jirgin dako, wato babban jirgin ruwan da jiragen sama ke tashi da sauka a bisa bayansa, ya sauya ma'anar faɗa a teku. A da, jiragen ruwa sukan matso su ga juna, su yi ta ɓarin wuta da manyan bindigogi. A watan Mayu na 1942, a Tekun Murjani da ke gabas da Ostiraliya, aka yi karon farko da rundunoni biyu suka gwabza ba tare da jirgin ruwan wani ya hango na wani ba. Jiragen sama ne ke tafiyar ɗaruruwan kilomita su kai hari su komo. Shi kuwa jirgin dako ƙato ne mai rauni: cikinsa cike yake da man jirgi da bama-bamai, bam biyu ko uku in sun faɗa daidai sun isa su mayar da shi tanderu. Saboda haka wanda ya fara ganin abokin gaba, ya fara kai hari, galibi shi ke da rinjaye. Wanda ya taɓa jin labarin neman ayarin da ya ɓace a Tenere zai gane girman aikin: fili ba iyaka, abin nema yana tafiya, mai nema kuma guzurinsa ƙididdigagge ne.

A nan wasan ya bambanta da dararmu. A dara gurabe 30 ne, kowa da ƴaƴansa 12, kome a fili yake. Wanda aka ci, wayo aka fi shi, ba ɓoye masa aka yi ba. Wasan Midway ya kafa katangar kwali a tsakiyar tebur, kowane ɗan wasa da taswirarsa a bayan katanga. Kowane zagaye sa'a biyu ne na lokacin yaƙi. Ɗan wasa yakan motsa jiragensa a ɓoye, sa'an nan ya kira sunayen ƴan yankunan da jiragen leƙensa suka duba, abokin wasa kuma dole ya faɗi gaskiya in yana da jirgi a ciki. In an gano juna, sai a koma wani allo na biyu, a jera jiragen ruwa, a kewaye su da jiragen sama, a jefa ɗan lido. Wannan ƴar katanga ita ce babbar hikimar wasan, kuma ina ganin ta fi shafi hamsin na bayani. Littafi zai gaya maka cewa Amiral Nagumo bai san inda Amurkawa suke ba. Wasan kuwa zai zaunar da kai ka kira yanki uku, a ce maka babu kome, babu kome, babu kome, alhali ka san suna nan wani wuri suna shirya maka. Irin wannan zullumi ba ya shiga ta kunne.

To amma akwai gyara. A wasan, rahoton ɗan leƙe ba ya ƙarya: in ya gani ya gani, abin da ya gani kuma shi ne gaskiya. Tarihi bai san wannan tsabta ba. A Tekun Murjani, ranar 7 ga Mayu, ƴan leƙen Japan suka hango jirgin dakon mai Neosho da ɗan rakiyarsa Sims, suka ba da rahoton jirgin dakon jiragen sama, aka kwashe ƙarfin rundunar aka zuba a kansu. A Midwe, ranar 4 ga Yuni, jirgin leƙe mai lamba 4 na jirgin yaƙi Tone ya tashi a makare da kusan rabin sa'a, da ya hango rundunar Amurka wajen ƙarfe 7 da minti 28 sai ya ce jirage goma ya gani, bai ambaci jirgin dako ba sai bayan kusan minti 50. A ɓangaren Amurka, mafi yawan jiragen da suka tashi daga Hornet sun bi hanyar da ba ta kai su ko'ina ba, wasu man su ya ƙare suka faɗa teku. Shi kansa Wade McClusky, wanda ya jagoranci masu jefa bam na Enterprise, ya isa inda aka ce maƙiya suke ya tarar da ruwa fetal. Wani ƙaramin jirgin Japan, Arashi, da ya hango yana sauri shi kaɗai, shi ya bi har ya kai shi. Abin mamaki, wannan McClusky ɗin ne, bayan ya yi ritaya da muƙamin amiral, ya zama mashawarcin masu tsara wasan na 1964. Mutumin da ya fi kowa sanin yadda rahoto ke ɓatar da matuƙi ya sa sunansa a wasan da rahoto ba ya kuskure. Ba na zarginsa. Kamfani yana son abin da za a gama a yamma ɗaya. Sai dai mai nazari ya lura cewa wasan ya koyar da rashin gani, ya tsallake mugun gani, wanda shi ya fi kisa.

Wata matsalar ta fi wannan zurfi, kuma ba na jin akwai dokar da za ta warkar da ita. Nagumo ya shiga tarko ne domin bai yi zaton akwai tarko ba. Masu fasa sirrin saƙonni a Hawayi, ƙarƙashin Joseph Rochefort, sun riga sun karanta wani ɓangare na saƙonnin rundunar Japan. Har suka sa aka aika saƙon ƙarya a fili cewa injin tace ruwan sha na Midwe ya lalace, don su tabbatar cewa wurin da Japanawa ke kira AF shi ne tsibirin. An kuma gyara Yorktown, wanda aka raunata a Tekun Murjani, cikin kwana uku a Pearl Harbor, alhali Japanawa na lissafin ya fita daga fage. Ɗan wasan da ya zauna a kujerar Nagumo yau ya san duk wannan. Ya san jiragen dako uku na jiransa arewa maso gabas da tsibirin. Ba zai taɓa kwashe jiragensa 108 ya aika su tsibiri da asuba da kwanciyar hankalin da Nagumo ya yi ba. Ke nan abin da ake bugawa a tebur wani yaƙi ne dabam mai sunaye iri ɗaya. Masu tsarawa sukan yi dabara, su ɗaure hannun ɗan wasan Japan da doka, ko su ba shi makin da zai tilasta masa kai wa tsibirin hari. Dabara ce, amma tana mayar da jahilci na gaskiya ya zama jahilcin ganganci, kamar ɗan wasan kwaikwayo da ya san ƙarshen labari yana nuna mamaki.

A 1977 S. Craig Taylor ya fitar da Flat Top a kamfanin Battleline, Avalon Hill kuma ya sake buga shi a 1981. Wannan bai shafi Midwe ba. Yaƙe-yaƙen Tekun Murjani da na tsibiran Solomon ya ɗauka. A ganina shi ne ƙololuwar wannan fanni, kuma shi ne ya fi nuna ciwonsa. Taswirar an raba ta gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane zagaye sa'a ɗaya, gizagizai na yawo a bisa teku suna ɓoye jirage, labarin da ɗan leƙe ke kawowa kuma yana zuwa hawa-hawa gwargwadon nisa da yanayin sama. Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan allo da kowane jirgin dako ke da shi. Jirgin sama in ya sauka, sai ya shiga gidan waɗanda suka sauka yanzu, daga nan ya wuce gidan masu shiri, inda ake zuba masa mai a ɗaura masa bam ko nakiyar tofido mai tafiya ƙarƙashin ruwa, sa'an nan ya kai gidan waɗanda suka shirya. Ba a tsallake gida, kuma adadin da za a iya matsarwa a sa'a guda ƙayyadadde ne. In aka kawo maka hari jiragenka na cike da mai da makamai a ciki, ɓarnar takan ninka.

Wanda ya buga wannan sau biyu zai daina kiran Nagumo wawa. Da ƙarfe 7 da kwata ya ba da umurni a sauya wa jiragen ajiyarsa makamai, daga na nutsar da jirgin ruwa zuwa na ragargaza tsibiri. Ana cikin haka rahoton Tone ya iso. Jiragen da suka kai harin asuba na komowa, man su ya kusa ƙarewa, suna bukatar fili su sauka. Jiragen tsaro na ta tashi da sauka saboda hare-haren Amurkawa da ba su yanke ba. Bayan jirgi ɗaya ne, ba ya yin aiki biyu a lokaci guda. Littattafai da yawa sun ba da wannan labari kamar labarin mutum mai jinkiri. Allon Taylor ya nuna shi a matsayin labarin ƙofa ɗaya da mutane ɗari ke son wucewa. Wannan fahimta ce ta gaske, kuma wasa ne ya ba da ita tun kafin wasu masu tarihi su kai gare ta.

Farashinta kuwa? Babban yaƙi a Flat Top yana cin wuni, wani lokaci kwanaki. Ɗan wasa yakan zama amiral da matuƙi da magatakarda da mai awon mai a lokaci guda, yana rubuce-rubuce a takarda har ya manta da teku. Babu amiral ɗin da ya taɓa sanin abin da ke cikin tankin kowane jirginsa. Garin neman gaskiyar ƙananan abubuwa, wasan ya ba ɗan wasa ikon da babu kwamandan da ya taɓa samu. Jon Southard ya nemi wata hanyar a wasansa Carrier na 1990, wanda mutum ɗaya ke bugawa: dokoki ke tafiyar da rundunar Japan, tana bayyana a matsayin alamun da ba a san abin da ke ƙarƙashinsu ba sai a hankali. Ya kusanci gaskiyar rashin sani, amma ya rasa abokin hamayya mai rai, mai tsoro da yaudara.

Labarin da ya fi dacewa malami ya riƙe shi ne na wasan da Japanawa da kansu suka buga. A farkon Mayu na 1942, a cikin babban jirgin yaƙi Yamato, hafsoshin Amiral Yamamoto suka gwada shirin Midwe a bisa taswira. Kamar yadda Fuchida da Okumiya suka ba da labari a littafinsu da ya fito da Ingilishi a 1955, alƙalin wasa ya jefa ɗan lido ya yanke cewa bama-bamai tara sun sami jiragen dako, Akagi da Kaga sun nutse. Amiral Ugaki, wanda ke shugabantar zaman, ya rage su zuwa uku, ya ce Kaga kaɗai ya nutse. Daga baya ma aka tayar da Kaga ɗin ya shiga kashi na gaba na shirin. An daɗe ana kawo wannan a matsayin misalin girman kai. Amma a duba da kyau. Harin da ake lissafi na jiragen da ke tashi daga tsibirin ne, kuma a yaƙin gaske manyan jiragen B-17 sun zubar da bama-bamansu daga can sama ba su sami jirgin dako ko ɗaya ba. Ta wannan fuska Ugaki ya fi ɗan lido gaskiya. Laifin yana wani wuri: zaman ya taɓo tambayar abin da za a yi in jiragen dakon Amurka suka ɓullo daga gefe tun da wuri, aka wuce ta ba tare da amsa mai nauyi ba. An yi wasan ne don a tabbatar da shirin da aka riga aka yanke. Bayan wata ɗaya Akagi da Kaga da Soryu suka kama da wuta cikin ƴan mintoci, wajen ƙarfe 10 da minti 25 na safe, Hiryu ya bi su da yamma.

Shi ma littafin Fuchida bai tsira ba. Shi ne ya yaɗa cewa saura minti biyar jiragen Japan su tashi aka far musu, kuma shekaru hamsin ana maimaitawa a Yamma. A 2005 Jonathan Parshall da Anthony Tully, a littafinsu Shattered Sword, suka bi rajistar tashi da saukar jiragen Japan suka nuna cewa jiragen harin na ƙasa cikin rumbu, ba su kusa tashi ba. Duk wasan da aka tsara kafin nan ya sha daga tsohuwar rijiya. Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da alƙaluman da ke bisa gutattakin kwali. In an rubuta wa wani jirgi ƙarfi 4, wani 3, lambar takan yi kama da awo, alhali ra'ayin wani mutum ne a wata shekara, da littattafan da ke gabansa. Jimla in ta yi ƙarya ana iya kama ta a yi gardama. Lamba takan wuce shiru.

Sai abin da kwalin bai ɗauko ba. In jirgi ya nutse, ɗan wasa yakan ɗauke gutsuren ya ajiye gefe, ya rubuta maki. A Midwe Japanawa sama da 3,000 suka mutu, Amurkawa 307. Daga jiragen tofido 15 da suka tashi daga Hornet babu wanda ya komo, cikin mutum 30 George Gay kaɗai ya rayu. Wasu mayaƙan saman Amurka uku da aka tsamo daga ruwa an yi musu tambayoyi aka kashe su. Ba na cewa wasa ya zama zaman makoki. Dara ma ana cewa an ci, ba wanda ke kuka. Amma dara ba ta ɗauki sunan wani mamaci ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsibiran. A taswirar Flat Top, tsibiran Solomon filayen jirgin sama ne da wuraren fakewa. Akwai dokar masu gadin gaɓa da ke ba da rahoton wucewar jirage, amma mutanen ƙasar da suka yi musu leƙen asiri da dako da tuƙin kwalekwale ba su da ko gutsure ɗaya. Jacob Vouza, tsohon ɗan sanda ɗan Gwadalkanal, Japanawa sun kama shi a watan Agusta na 1942, suka ɗaure shi suka sossoke shi da banati, ya kwance kansa ya ja jiki ya kai wa Amurkawa labarin harin da ke tafe. Mu da kakanninmu suka yi wa Faransa yaƙi, ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka kuma Ingila ta kai su dajin Bama suka fuskanci waɗannan Japanawa, mun san yadda ake shafe irin waɗannan mutane daga taswira. Haka nan cikin jiragen: baƙaƙen fata na Amurka a farkon yaƙin aikin kicin da hidimar hafsoshi kawai aka yarda su yi. Ɗaya daga cikinsu, Doris Miller, wanda ya kama bindiga ranar harin Pearl Harbor, ya mutu a jirgin dako Liscome Bay a Nuwamban 1943; sai a 2020 aka sanar za a sa wa wani sabon jirgin dako sunansa.

Duk da haka ba zan ce malamanmu su kau da kai ba. Waɗannan kwalaye sun yi wuya: Hasbro ya saye Avalon Hill a 1998, tsofaffin wasannin sai a hannun masu sayar da na hannu, dokokin kuma da Ingilishi suke, masu tsawo. Amma abin da ke da amfani a cikinsu bai bukatar kwalin. Malamin tarihi da ke koyar da yaƙin duniya na biyu, ko ƙungiyar matasa a gidan al'adu, suna iya komawa ga tsarin Reisswitz: taswira uku da aka zana a takarda, rukuni biyu a ɗaki biyu, alƙali a tsakani da tasa taswirar. Kowane rukuni ya rubuta inda jiragensa suka nufa da inda ya aika ƴan leƙe, alƙali ya kawo amsa a rubuce. Kada a gaya wa ɗalibai sunan yaƙin, kada a gaya musu yawan jiragen abokan gaba. A sauya sunayen ma, don wanda ya karanta gaba kada ya ɓata wa saura. Kafin ya miƙa kowane rahoto, alƙali ya jefa ɗan lido a ɓoye: in 1 ko 2 ta fito, ya jinkirta takardar zagaye guda, ko ya rubuta jirgin dako inda jirgin mai ne kawai ke wucewa. Sai bayan an tashi a buɗe taswira ta uku, a karanta musu abin da ya faru ranar 4 ga Yuni 1942.